Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Jigawa Kan Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa Ta Gagarawa

Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ya ɗora maka, na rubuto ne a kan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, wadda ke kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya ƙare a Nguru. Na zaɓi in yi maganar a fili saboda ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma ina so Majalisar Masarautar Gumel da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da wakilanmu na majalisa su ji ta tare da kai.

Abin da nake roƙo shi ne gwamnatinka ta sa hannu a ceci tarihin wannan tasha, wato filinta da abin da ya rage na gine-ginenta da kuma labarin da ke bakin dattawan da suka ga zamaninta. Maganar dawo da jirgi tana nan, zan kuma taɓo ta, amma ita tana iya jiran kasafin baɗi ko na baɗin baɗaɗa. Dattawan nan kuwa kullum raguwa suke yi. A cikin mazaɓun ƙaramar hukumarmu akwai Gagarawa Gari, akwai kuma Gagarawa Tasha. Yaro yakan girma a mazaɓa ta biyun, ya yi rajista, ya kaɗa ƙuri'a, bai taɓa zama da wanda zai gaya masa yadda aka yi tasha ta haifi gari ba. Wannan shi ne abin da ya dame ni.

Ka yi mini izini in faro daga Kano. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ta layin da Turawa suka ja daga Baro a bakin Kwara, aka kuma buɗe shi ga jama'a da 'yan kasuwa a 1912. Auduga ce a ran Turawan, domin masaƙunsu na Ingila na neman ta. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin. Suka ga gyaɗa ta fi son jigawa, ta fi kuɗi, ana haɗa ta da gero da dawa a gona ɗaya, in kuma kasuwa ta juya baya ana iya cin ta ko a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. A 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali kafin zuwan jirgi ba ta kai tan 2,000 ba. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a cinikin goro ta hanyar Gwanja, suka juya da jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa. Ina so a riƙe wannan, domin sau da yawa ana ba da labarin kamar Bature ne ya koya mana noman gyaɗa. Manomi ne ya zaɓa, jirgi ya biyo bayan zaɓinsa.

Da gyaɗa ta kama ƙasa, sai aka ga jakai da raƙuma da takarkarai ba za su iya kawo ta Kano daga nesa da riba ba. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1920 aka miƙa rassa biyu zuwa inda take. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan shi ne namu, mai tsawon kimanin kilomita 230, wanda ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930. A zamanin Sarkin Gumel Muhammadu na Kota ke nan, lokacin masarautar tana cikin Lardin Kano.

Duk wanda ya dubi taswira zai lura da wani abu: layin bai shiga birnin Gumel ba, bai shiga Haɗejiya ba. Ya ratsa tsakani ne, ya bar manyan biranen sarauta a gefe. Sakamakon haka Malam Madori ta zama ƙofar Haɗejiya zuwa jirgi, Gagarawa kuma, da ke kudu da Gumel, ta zama ƙofar ƙasar Lautai, wato masarautar Gumel. Wurin da ba a san shi da komai ba sai gona da kiwo ya wayi gari ana sauke kaya ana lodi, ana ambatar sunansa a ofisoshin Kano da Ikko. Arziƙi da baƙi suka bi ƙarfen dogo, sarauta ta zauna inda take. Irin wannan rabuwa ta tsohon gari da sabuwar tasha ta faru a wurare da dama a Arewa, kuma ita ce tushen abubuwa da yawa da muke gani yau a zamantakewa da mallakar fili da ma siyasar ƙananan hukumominmu.

Ba na so mu ba da wannan labari kamar biki ne kawai. An ja layukan dogo a Arewa da gumin talakawa. Ta hannun En'e ake ɗiban leburori, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kasa wa masu unguwa adadin mazan da za su kawo. Wanda aka nuna ba shi da ta cewa. Da kwando da diga da shebur aka yi cikon ƙasar da layin ke kai, mutane suka bar gonakinsu da iyalansu suna kwana a bukkokin sansani. Ana biyan su da kwabo da sisi da sule, kuma ta wannan hanya da ta haraji ne kuɗin Bature ya kori wuri daga kasuwanninmu. Sunan injiniyoyi da gwamnoni yana cikin takardu. Sunan mutumin da ya ɗauki ƙasa a ka ba ya ko'ina sai a bakin jikokinsa, in ma sun riƙe. Su ne na fi so a nemo.

Sannan ga wani abin tausayi game da lokacin da aka buɗe layin. Shekarar 1930 ta faɗo daidai da karayar tattalin arziƙin duniya. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, haraji kuwa yana nan a wuyan talaka, kuma da tsabar kuɗi ake biyan sa. Manomin da aka kawo wa jirgi har ƙofar gida sai ya tarar dole ya ƙara faɗin gonar gyaɗa domin ya sami abin da a da ƙaramar gona ke ba shi. Ke nan tun ranar farko tashar tana ɗauke da alheri da wahala a tarago ɗaya.

Matasa da yawa ba su san yadda ƙaramar tasha irin wannan ke aiki ba, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Layin ɗaya ne tal, faɗinsa ƙafa uku da inci shida, jirgi mai zuwa da mai komowa duk a kansa suke. Saboda haka kowace tasha tana da ɗan layin ratse inda jirgi ɗaya zai fake har ɗayan ya wuce. Direba ba ya barin tasha sai shugaban tasha ya yi magana da takwaransa na gaba ta waya, an tabbatar hanya a buɗe take, an miƙa masa alamar izini a hannu. Kan jirgin na wancan zamani da kwal yake tafiya, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, kuma yana shan ruwa da yawa, shi ya sa rijiya da tanki suke da muhimmanci a kan layi kamar ƙarfen kansa. Akwai kuma leburorin layi, kowace ƙungiya da nata yanki, suna bin sa a ƙafa da safe suna duba kusoshi, suna kwashe yashin da iska ta tara, suna gyara inda ruwa ya ci. A ƙasa mai rairayi irin tamu, aikin waɗannan mutane shi ne ya riƙe jirgi a kan ƙafarsa shekara da shekaru. Ko maƙeranmu suna da nasu babin a wannan labari, domin tun zamanin Turawa ƙarfen reluwe ya shiga maƙera ya fito a matsayin garma da fartanya, wani ta hanyar halal, wani ta bayan fage.

Lokacin kaka shi ne ran tasha. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da na Faransawa, da Kwarori da Larabawa, sun kafa kantuna da sikeli a tashoshin wannan layi, su kuma suna ba dillalai da 'yan baranda kuɗi su shiga ƙauyuka da kasuwanni su tattaro gyaɗa. Ayarin jakai da raƙuma ke shigowa tun asuba. A zube, a tankaɗe, a auna, a ɗinke buhu, 'yan dako su jera. Wanda ya sayar ya juya ya sayi atamfa da gishiri da kananzir da tasoshi a kantin da ya saya masa gyaɗa, kuɗin ya koma inda ya fito. Manoma sun daɗe suna kuka da awo, domin mai sikeli da akawu su ne suka iya karatun lamba, mai kaya kuwa sai abin da aka gaya masa. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Gyaɗar ƙasar Damagaram da Magarya ma ta Najeriya take bi zuwa teku a tsawon zamani, don haka cinikin ya ɗaure mu da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka ta Maigatari tun kafin a san wani abu wai shi fasfo a ƙauyukanmu.

Akwai waɗanda ba a cika ambata ba, su ne mata. Kafin injin ɓarza na hannu ya yaɗu a shekarun 1950, a turmi ake ɓarzar gyaɗa, kuma mata ne ke yi, su sheƙe, su tsince. Kowane buhu da ya hau tarago ya bi ta hannun mace. Su ne kuma suka gano cewa tsayuwar jirgi ta 'yan mintoci kasuwa ce: fura da nono, dafaffen ƙwai, ƙosai, ƙuli-ƙuli, ruwan sha a tulu, ana miƙawa ta taga ana karɓar kuɗi jirgi na shirin tashi. Gidaje da yawa da wannan ciniki aka yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki. In za a tattara tarihi a bar tsofaffin mata a baya, an tattara rabi ne.

Tasha ta kuma kawo mana baƙi. Yawancin ma'aikatan reluwe masu ilimin boko a wancan lokaci, shugabannin tasha da akawuna da masu buga waya da direbobi, daga kudu suke, Yarabawa da Inyamurai da sauransu. Sun zauna a gidajen ma'aikata, 'ya'yansu sun tashi da Hausa a baki. Ta hannunsu labarin duniya ke shigowa ƙauye, jarida da wasiƙa da maganar ƙungiyar ƙwadago. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa, ya tsayar da jirage fiye da wata guda, kuma talakan da bai taɓa jin an ce wa Bature a'a ba ya ga hakan a bakin tasharsa. Sai kuma 1966, shekarar da ba a son tunawa, lokacin da rikici ya sa mutanen Gabas suka bar Arewa, reluwe ta rasa ƙwararrun ma'aikata masu yawa a dare ɗaya, aka rasa rayuka, maƙwabta suka rabu ba sallama. Ina ganin ya kamata a rubuta wannan babi da gaskiya yadda ya faru a tashoshinmu, har da labarin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu suka raka su. Jikokin waɗancan ma'aikata suna nan a kudu, wasunsu an haifi iyayensu a kan wannan layi, kuma suna da haƙƙi a cikin tarihin kamar yadda muke da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta yi yawan da jirgi ya kasa kwashewa a kan lokaci. Daga nan ne dalar gyaɗa ta yi suna, buhuna dubbai an jera su sun yi tsini an lulluɓe da tamfol suna jiran tarago, a Kano da kuma nan kusa da mu a Malam Madori. Muna alfahari da hotunan dalar, kuma ya kamata, amma mu tuna cewa kowace dala shaida ce ta kayan da suka rasa abin ɗauka. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma ƙarƙashin Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi a farkon kaka, ta sayar a waje da tsada, rarar ta shiga ayyukan gwamnati. Da wannan rara aka yi ayyuka da dama na zamanin Sardauna. Ke nan manomin ƙasar Gumel ya biya kuɗin gina Arewa daga aljihunsa, ta sikelin tasha. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma ƙananan tashoshi irin Gagarawa ne suka tara wannan suna buhu bayan buhu.

Mutuwar tashar ba ta zo rana ɗaya ba. A 1964 aka kammala layin da ya bi ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, kayan Barno da yawa da a da ke gangarowa Nguru suka sami wata hanya. Aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka fara ɗaukar kaya daga ƙofar gona zuwa ƙofar kamfani ba jiran tarago. Fari ya afka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974, kafin manoma su farfaɗo sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta cinye gonaki. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma da jirgi baki ɗaya. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. An yi yunƙurin gyara: an kawo Indiyawa su tafiyar da reluwe daga 1979 zuwa 1982, an ba wani kamfanin Sin kwangilar gyaran layuka a 1995, an dawo da jirgin Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012. Namu jirgin na Kano zuwa Nguru ma an sha tayar da shi, ya yi ɗan zamani ya sake kwantawa. Kantuna suka rufe, baƙi suka watse, kasuwa ta koma bakin titi, ciyawa da yashi suka hau layi.

Ranka ya daɗe, muna da misalin abin da ke faruwa in aka yi shiru. An taɓa yin ƙaramin jirgi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka ja tsakanin 1912 da 1914 saboda kuza, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama. An rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Yau mutum zai bi titin Zariya zuwa Jos sau da yawa bai san jirgi ya taɓa bin wannan ƙasa ba, in ba don kawunan jirgin da aka ajiye a gidan tarihi na Jos ba. Shekaru sittin da 'yan kai suka isa su shafe layi sukutum daga ƙasa da kuma zukatan mutane. Satar ƙarafan layin dogo da ake ta kama mutane a kanta a sassa daban-daban na ƙasar nan tana nuna cewa wannan karon ba sai gwamnati ta kwashe da kanta ba. Masu sayen tsohon ƙarfe za su yi mata aikin.

Na san amsar farko da za a ba ni ita ce reluwe ta Gwamnatin Tarayya ce. Gaskiya ne, layin da tashar da filinta mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1955, kuma tana da kamfaninta mai kula da kadarori. Amma a watan Maris na 2023 an sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kai, ya ba jihohi damar shiga. Jihar Filato ta riga ta haɗa hannu da hukumar an tayar da jirgin fasinja a tsohon layin da ke tsakanin Jos da Bukuru da Kuru. A Ebute Metta ta Ikko kuwa, wata ƙungiyar masu kishin tarihi ce ta gyara wani tsohon gidan reluwe da ake kira Jaekel House, ya zama ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa, da yardar hukumar. In ƙungiya mai zaman kanta ta iya, gwamnatin jiha ba za ta gaza ba.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne mafi araha. A ɗauki malaman tarihi da ɗalibansu daga Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, a ba su na'urar ɗaukar murya da kuɗin mota, su zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da leburorin layi da 'yan dako da dillalan gyaɗa da matan da suka yi talla a bakin jirgi. Wanda yake da shekara goma sha biyar a lokacin samun 'yancin kai, yau ya kai tamanin. A yi hirar da Hausa, a ajiye muryar yadda take, a rubuta ta, a bar kwafi a garin da aka ɗauko ta. Wannan na ƙarshen ina jaddada shi, domin mun saba ganin masu bincike sun zo sun kwashi labari sun tafi da shi jami'a, mai labarin da jikokinsa ba su sake jin ɗuriyarsa ba. A nan ne Mai Martaba Sarkin Gumel, Allah ya ƙara masa lafiya, da hakimai da dagatai za su fi kowa amfani, saboda su ne suka san gidan da za a yi sallama, kuma dattijo ya fi sakin baki in ya san da yawun sarki aka zo.

Su kuma takardu suna nan suna jira. Fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma abin da ke Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. A cikin irin waɗannan fayiloli ake samun rahoton shekara-shekara na rasdan da di'o, da maganar filayen kantuna a tashoshi, da lissafin haraji da na amfanin gona. Takarda ce mai shekara kusan ɗari, tana ruɓewa. Jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ya kamata a ce tana da hoton duk takardar da ta shafi ƙasarta a Dutse, ba sai ɗalibi ya yi tattaki zuwa Kaduna ba.

Sai fili da gini. Ina roƙon gwamnatinka ta zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa a auna filin tashar, a kafa alamun iyaka, a rubuta duk abin da ya rage a ɗauki hotonsa, a kuma yi yarjejeniyar da za ta ba jiha ko ƙaramar hukuma damar gyara ginin da kula da shi. Ba wani katafaren aiki nake nufi ba. Rufi, ƙofa, taga, mai gadi da ake biya a kan lokaci. Kuma kada a gyara a kulle. Ginin da ba a shiga shi ne ke faɗuwa. A sa hotuna da taswira da tsohon sikeli da fitilar hannu da duk abin da iyalai za su ba da aro a ɗaki ɗaya, sauran wurin ya zama ɗakin karatu ko ajin yaƙi da jahilci ko wurin taron manoma. Malaman firamare da sakandare su riƙa kawo yara. In an yi awon fili kuma, a yi shi da adalci. Akwai talakawan da suka daɗe suna noma ko zaune a gefen layi saboda ba wanda ya ce musu komai shekara da shekaru. A zauna da su, a fahimtar da su, kada ceton tarihi ya zama dalilin korar jikokin waɗanda suka gina shi.

Game da jirgin kansa, ba zan ɓoye ba, ina fatan in ga ya dawo. Sabon layin zamani da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina zuwa Maraɗi, da reshensa zuwa Dutse, abin farin ciki ne, amma bai biyo ta wajenmu ba. Gabashi da arewacin Jigawa, wato ƙasar Ringim da Gumel da Haɗejiya, tsohon layin nan kaɗai gare su. Kuma kaya bai ƙare ba, sauya kama ya yi. Riɗi da zoɓon Jigawa suna fita ƙasashen waje, shanu da raƙuma da awaki suna cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis, shinkafa da alkama da kifi suna fitowa daga fadamar Haɗejiya, duk a bayan tirela suke tafiya suna farfasa titunan da jiha ke kashe kuɗi tana gyarawa. Na san gyaran ba wasa ba ne. Layin ya bi ta Ringim da Taura inda ambaliya ke yawan ɓarna, kamar yadda aka gani a 2022, don haka sai an yi lissafin gadoji da kwalbatoci da idon basira. Abin da nake roƙo a yanzu shi ne a sa ƙwararru su bi layin daga iyakar Kano zuwa iyakar Yobe su faɗi halin da yake ciki da abin da gyaransa zai ci, a bayyana wa jama'a rahoton, sannan a tuntuɓi gwamnatocin Kano da Yobe, tunda layin na jihohi uku ne. Amma ko da binciken ya nuna jirgi ba zai dawo nan kusa ba, hakan bai taɓa sauran buƙatun da na kawo ba ko kaɗan.

Na yi magana a kan Gagarawa saboda ita na sani, ita ce kuma ta shafe ni. Abin da na faɗa ya hau kan Taura da Birniwa da sauran ƙananan tashoshin da ke tsakani. In an fara da guda ɗaya aka ga yadda aikin yake da abin da ya ci, sai a ɗauki darasin a kai gaba. Ina roƙon ka umarci ma'aikatar da ke kula da tarihi da al'adu ta fara hira da dattawa a cikin wannan rani, lokacin da manoma suka sami sarari, hanyoyin ƙauye kuma suna biyuwa. Akwai matasa a garin da za su yi rakiya da tafinta ba tare da sun nemi ko sisi ba, ni ma ina cikin masu ba da lokacinsu.

Allah ya taimake ka, ya ba ka mashawarta nagari, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam,
Naka mai biyayya,
Ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙasar Gagarawa